Sakainar Malama Turai

Malama Turai ba ta wuce sakaina a ƙasa. Ko makaranta za ta, ko gidan suna, ko ta'aziyya, in dai idonta ya faɗa kan ɓallin fasasshiyar ƙwarya, sai ta tsaya, ta duƙa a hankali, ta ɗauka, ta kaɗe ƙasar da ke jiki, ta jefa cikin jakar da ke ƙarƙashin mayafinta. Matan Wurno sun daɗe da sabawa. In ƙwarya ta suɓuce ta fashe a wani gida, kafin a gama salati za ka ji wata ta ce, "To, Malama ta samu." Sai a tattara a ajiye mata a kan katanga.

Abin da take yi da su ba ɓoyayye ba ne. Da la'asar takan zauna a ƙofar ɗakinta da 'yar wuƙa, ta fere kowace sakaina ta dawo kamar tafin hannun yaro. Sai ta zana harafi a kai da gawayi, ta sa wani siririn ƙarfe a wuta har ya yi ja, ta bi zanen da shi. Hayaƙi ya tashi, harafin ya zauna baƙi ƙirin, ruwa ba ya wanke shi, hannu ba ya goge shi. A bayan wasu kuma lamba take ƙonawa. Maƙwabta suna gane warin. In sun ji shi sun san Malama tana gida.

A gidan malamai aka haife ta, inda ake wanke allo tun kafin a ɗora tukunya. Ta yi karatun allo wurin mahaifinta, daga baya aka sa ta boko, abin da ba kowane gida irin nasu ke yi wa 'ya mace ba a wancan lokaci. Da ta samu takardar malanta sai aka tura ta Rara. Can ta tarar da aji babu alli, allon bango kuma ya tsage biyu. Ta yi ta rubutu a ƙasa da tsinke, iska da ƙafafun awaki suna sharewa. Sai da aka mayar da ita Maikujera ta haɗu da wata tsohuwa mai zanen ƙwarya, ta zauna kusa da ita tana kallon yadda ƙarfe mai zafi ke barin alama. Tsohuwar ce ta ba ta ƙarfen. Shi ne a hannunta har ƙarshe, ko da yake an sauya masa ƙota ba sau ɗaya ba.

Ta yi aure, ta haihu, mijin ya riga ta gidan gaskiya. 'Yarta Mahbuba tana aure a Sakkwato. Wannan duk an san shi, kuma ba shi ne abin da ake tunawa da ita ba.

A shekarunta na ƙarshe a aiki tana wata firamare a cikin garin Wurno, tana riƙe da aji ɗaya. Yara sun haura ɗari, wasu a kan benci, mafi yawa a ƙasa. A irin wannan aji hanya ɗaya ce kowa ya sani: malami ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi, a maimaita har bango ya ɗauka. Ita ma tana yin haka, don babu makawa. Amma in an fita tara, sai ta shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, ta kira yara huɗu ko biyar, ta zazzage jakar sakaina a gabansu. A nan babu amshi. Kowa da bakinsa zai faɗi abin da ya gani. Lissafi kuma da karan dawa take yi, an yayyanka shi tsawon yatsa, ana ɗaure goma-goma da kaba. Yara suna kiran kowane ɗauri dami, kamar na gero.

Shekarar da ake magana, bayan kaka, mutanen Shinaka suka fara shigowa garin. Ba su zo da kaya da yawa ba. Kowa ya san dalilin zuwansu, ba a kuma cika tambaya ba. Cikinsu akwai wata mata, Sa'adiya, da 'ya'yanta mata biyu, Mansura mai kamar shekara goma sha ɗaya da ƙanwarta Aziza. Suka sauka gidan yayanta Sale, manomin albasa. Mijinta Yusha'u bai zo tare da su ba, ba kuma zai biyo baya ba.

Aka sa Mansura aji huɗu. Ba a yi wata guda ba sunanta ya zagaye makarantar. Wata safiya hedimasta, Malam Bashar, mutum mai son aikinsa, ya leƙo ajin Malama Turai yana murmushi.

"Malama, taho ki ji abin mamaki. Wagga yarinya ta Shinaka, shafi guda take kwashewa ba ta tuntuɓe. Mu da muke cikin gari sai mu ji kunya."

Ta bi shi. Mansura tana tsaye gaban allo, siririya, muryarta tas kamar ta mai kiran kaji. Ta karanta abin da ke rubuce daga sama har ƙasa, sannan ta kawo jadawalin sau tun daga biyu har sha biyu, ba ta ja numfashi ba. Aji ya ɗauki tafi. Malama Turai ma ta tafa. Sai dai ita ba allon take kallo ba, idon yarinyar take kallo. Idon yana kan taga.

Sai bayan kwana biyu, da aka tashi, Malama ta kira Mansura gindin dogon yaro, wai ta taya ta tattara kaya. Da sauran yara suka watse, ta ɗauki sakaina huɗu ta jera a kan tabarma. Kalmar ƙarama ce, wake.

"Ɗiyata, mi anka rubuta nan?"

Mansura ta dubi sakainar, ta ɗago ta dubi bakin Malama. Ta jira.

"Hwara mani, Malama, in kama."

"Babu abin kamawa. Ita ke nan, guda ɗai ta."

Yarinyar ta sake duban tabarmar. Ta daɗe. Can sai ta ce, a hankali, "Malaminmu na Shinaka shi ka hwarawa." Yatsunta suna murza bakin hijabi.

Malama Turai ta gane komai. Yarinya ce mai kunne. Abin da ta ji sau biyu ya zauna. A ƙasar da ake girmama mai hadda, wa zai tsaya ya tambayi mai irin wannan baiwa ko ta san baƙi ɗaya daga ɗan'uwansa? Ba laifin kowa ba ne. Malamin Shinaka ya yi abin da ya iya kafin ya bar garin, makarantar kuma tun daga lokacin a rufe take.

"Za ki hwaɗa ma hedimasta?"

"Mi zan hwaɗa mai? Cewa kin taya ni kwashe sakaina?" Ta miƙa mata jakar. "Zuba su ciki."

A hanyar gida ta yi ta juya abin. Mutanen Shinaka ba zama suka zo yi ba. Kowa cikinsu maganarsa ɗaya: ruwan farko na sauka za su koma, don gona ba ta jira, wanda bai shuka ba kuma ba shi da abin da zai ci. Ke nan rani ɗaya gare ta. In Mansura ta koma yadda ta zo, ta koma ke nan, da shafuka cike da kai, ba ta iya karanta sunanta. Kuma ba abu ne da za a yi a gaban aji ba.

Washegari da yamma ta tafi gidan Sale. Ta tarar da Sa'adiya a tsakar gida tana gyaran irin albasa da za a kai dashe, Aziza na kwance a jikinta. Aka gaisa, aka yi ta'aziyya ba tare da an ambaci abin da ake ta'aziyyarsa ba.

"Roƙo niz zo yi," in ji Malama Turai. "Idona ya hwara gajiya, hannu ma haka. Ina son wadda za ta riƙa taya ni aikin sakaina da la'asar. An ce ɗiyarki ta hi kowa."

Sa'adiya ta yi ɗan murmushi, na farko tun shigowar baƙuwar. "Haka suka cewa. Ubanta ma haka shika cewa, wai wagga sai ta zama malama." Ta ci gaba da tsince irin. "Sai dai kawunta na son ta ga dashe. Hannun yara ya hi saurin shiga laka."

"In ta taso hwadama ta biyo ta wurina. Ko da hannun laka, ina da ruwa."

"To, Malama. Allah shi saka."

Haka aka fara. Mansura takan iso gab da faɗuwar rana, ƙafafu fari fat da busasshiyar laka, tana warin albasa. Malama Turai ba ta taɓa ce mata zo in koya miki ba. Cewa take, "Ware mani masu kama da wagga." Sai yarinyar ta yi ta tono cikin tulin, tana fitar da duk mai ciki zagaye da 'yar jela. In ta tara su, Malama ta ce, "Sunanta a." Gobe wata. Jibi a haɗa biyu a ji abin da suka ce.

Abin bai zo da sauƙi ba. Kunnen da ya ɗaukaka ta shi ya zame mata cikas. In Malama ta jera kalmomi ta faɗe su sau ɗaya, shi ke nan, ta haddace jerin, ido ya koma hutu. Sai Malama ta daina faɗa. Ta jera, ta rufe bakinta, ta ɗauki wuƙa ta ci gaba da fira. Wani lokaci shirun yakan yi tsawo har a ji kukan tantabarun maƙwabta. Mansura ta yi gumi, ta yi fushi, wata rana har ta ture sakainar da ƙafa.

"Wanga aikin 'yan aji ɗaya na!"

"Ƙwarai kuwa," in ji Malama, ba ta ɗago ba. "Ni ma can nike, shekara talatin ba a ƙara mani aji ba."

Dariya ta kuɓuce wa yarinyar ba ta shirya ba. Ta jawo sakainar ta mayar.

Lissafi ma haka. Ta san bakwai sau takwas, amma ba ta san mene ne ake yi wa sau ɗin ba. Wata Asabar Malama ta bi ta har fadama, ta tsaya a bakin fangali ɗaya, wato ɗan filin da ake kewayewa da kunya a cika da ruwa, ta ce ta ƙirga mata layukan albasar da ta dasa, da kuma nawa ke cikin kowane layi. Mansura ta ƙirga. Sai ta tsaya, bakinta a buɗe, tana duban fangalin kamar yau ta fara ganinsa.

"Malama, ashe abin ga da muka rerawa, albasa ta?"

"Wani lokaci albasa, wani lokaci awaki."

Ranar da suka zo kan lissafin ɗebewa, Malama ta ajiye dami biyu na karan dawa da kara uku a gefe.

"Nawa ke nan?"

"Ashirin da ukku."

"Ba ni bakwai."

Mansura ta taɓa ukun. "Ba su kai ba."

"To waɗanga damman hwa, ado na?"

Yarinyar ta ɗauki dami ɗaya, ta riƙe bakin kabar, ba ta ja ba. Ta daɗe a haka.

"A gidanmu Baba ka hiddo dami daga rumbu," ta ce. "Shi ka kwancewa. Ba a bari mu taɓa."

Malama Turai ta ajiye wuƙarta. Ta zauna tare da ita kawai, har aka fara kiran magariba a masallacin unguwa. Sannan Mansura ta ja kabar, karare goma suka zube a kan tabarma. Ta ƙirga bakwai ta tura gaban Malama. Ta ƙirga abin da ya rage da muryar da ba ta fita sosai.

Ana tsakiyar rani aka yi taron iyaye a makaranta. Malam Bashar ya sa Mansura ta karanta labari a gaban jama'a. An karanta shi a aji sau da yawa, saboda haka ta kwashe shi tas, takarda a hannu, ido a kan taron. Aka yi ta kabbara. Wani dattijo ya ce a sa mata albarka. Sa'adiya tana can baya cikin mata, ta rufe fuska da gefen mayafi.

Bayan wannan Mansura ta ɗauke ƙafa. La'asar ta yi, ta wuce, babu ita. Malama Turai ba ta aika ba. A makaranta in sun haɗu sai yarinyar ta gaishe ta da sauri ta wuce. Ita kuwa kullum sai ta shimfiɗa tabarmar, ta zazzage jakar, ta yi aikinta ita kaɗai. Zafi yana ƙaruwa, an fara cire albasa, iska ta fara juyawa. Takan ɗaga kai ta dubi gabas fiye da yadda ta saba.

Sai wata yamma ta ji sallama a ƙasa-ƙasa. Mansura ta shigo ta zauna a bakin tabarma, ba ta kalli kowa ba.

"Aziza ta ce in karanta mata abin da anka rubuta ga buhun takin Kawu."

"Kin karanta?"

"Na gane baƙi ukku. Sauran na ƙaga mata. Ta yarda, Malama. Har ta tai tana hwaɗa ma Inna."

Malama Turai ta tura mata tulin sakaina. "Ware mani masu ƙugiya bisa kai."

Daga ranar ba ta sake fashi ba. Wani lokaci takan zo da Aziza, wadda ke zama tana gina ɗaki da sakaina. A cikin kwanakin ne Malama ta fara wani sabon aiki. Jakar aji ta yaran aji ce, ta tsufa, wasu haruffan saura ɗaya-ɗaya. Sai ta ɗinka wata jaka ta fara cika ta daga farko, kowane harafi da 'yan'uwansa, don kalma ɗaya takan nemi harafi sau biyu ko uku. Ba ta faɗi ko ta wace ce ba. Sakaina kuwa ta yi wuya, roba ta kori ƙwarya daga gidaje. Har Maikujera ta aika a tambayo mata.

Aziza ce ta fara ƙorafi. An nuna mata harafin farko na sunanta, ta nemi sauran.

"Inna Malama, ina nawa? Na Mansura duk ga su."

"Naki shina can ƙarshen layi. Shi na auta, kamar ke. Sai kowa ya samu kan a zo gare shi."

"To ki hwara ta ƙarshe mana!"

"Ji mani ɗiya! Ke kin taɓa ganin an sallaci isha kahin asuba?"

Malama ba ta kai ƙarshen layin da wuri ba. Hawan jinin da ta daɗe tana fama da shi ya taɓa ta wata safiya tana shirin fita. Ba ta faɗi ba, amma hannun dama ya yi nauyi, harshe ma haka. Mahbuba ta zo daga Sakkwato, aka kai ta asibiti, aka dawo da ita da magunguna da umarnin ta huta. Makaranta ta ƙare mata daga nan. Malam Bashar ya zo gaisuwa da malamai, ta sa aka ba shi tsohuwar jakar ya kai wa wadda za ta riƙe ajin.

Da Mansura ta zo, ta tarar da ita jingine da bango a kan tabarma, Mahbuba ta fita karɓo magani. Malama ta yi ƙoƙarin magana, kalmomin suka fito a cakuɗe. Sai ta jawo sabuwar jakar da hannun hagu, ta zazzage, ta shiga tono. Ta daɗe tana jerawa, ɗaya bayan ɗaya, layi ya yi tsawo har ya kusa bakin tabarma. Sannan ta janye hannunta ta rufe ido.

Babu wanda ya taɓa rera wannan layi a wani aji. Babu mai fara mata. Mansura ta durƙusa, ta sa yatsa a kan sakaina ta farko. Leɓɓanta suna motsi. Ta tsaya a tsakiya, ta koma baya, ta sake tahowa. Ta kai ƙarshe. Sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta ɗauko hular saƙa da ke rataye a bayan ƙofa, ta zo ta sa wa Malama a kai, ta gyara mata ita har kunne.

Abin da ke kan tabarmar shi ne: ɗauko mini hula ina jin ɗari.

Malama Turai ta buɗe ido. Ta taɓa hular, ta dubi yarinyar. Gefe ɗaya na bakinta ya yi murmushi. A cikin wannan zafin na bazara babu mai jin ɗari, su biyun kuma sun sani.

Bayan haka harshen ya ɗan saki, hannun ne bai dawo daidai ba. Duk da haka takan sa Mahbuba ta hura mata gawayi. Harafin da da take gamawa kafin ƙarfe ya huce, yanzu sai ta mayar da shi wuta sau uku. Mahbuba ta yi faɗa har ta gaji.

"Inna, likita cewa yay yi ki huta."

"Zaune nike."

"Ki bari in ƙona maki."

"Ke hannunki na biro na. Za ki huda mani ita."

Mansura kuwa yanzu ba abin da ke tsira daga idonta. Buhun taki, bayan mota, kwalin ashana, allon kanti, duk sai ta tsaya ta haɗa. A hankali take yi, tana tuntuɓe, ba kamar yadda take kwashe shafi da ba. A aji ma har an ce ta rage ƙoƙari.

Ruwan ya zo da wuri a shekarar. Tun ba a gama kwashe albasa daga rumfuna ba hadari ya haɗo, aka yi ruwa mai ƙarfi da hantsi, ƙasa ta yi ƙamshi. Kafin yamma mutanen Shinaka sun fara ɗaure kaya. An ce wajen ya ɗan lafa. Ba wanda ya ce ya lafa sarai.

Sa'adiya ta zo sallama da 'ya'yanta biyu. Malama Turai ta miƙa wa Mansura sabuwar jakar, da ƙullin karan dawa da kaba.

"Akwai ƙanana can da ba su da malami. Ki shimhiɗa tabarma. Huɗu-huɗu, kar ki tara su da yawa. Kuma kar ki hwara masu."

"To, Malama."

"Ba ta cika ba. Na ƙarshen layi sun rage. In na gama zan ba masu motar albasa su kawo."

"Nawa na ciki?" in ji Aziza.

"Naki na nika yi yanzu."

Yaran suka yi gaba. Sa'adiya ta tsaya a bakin zaure, ta juyo, ta rage murya.

"Malama, na sani. Tun muna can. Na taɓa ba ta kwalin magani ta duba mani, tac ce idonta ka ciwo. Ubanta bai sani ba har yat tahi, ni ko ban iya hwaɗi ba." Ta gyara mayafi. "Shekaranjiya ta karanta mani na Aziza. Safe da dare, tac ce, bayan abinci."

Malama Turai ta gyaɗa kai. "Taya ni aiki tay yi. Ta iya aiki."

"Allah shi ba ki Aljanna."

"Amin. Ku sauka lahiya."

Gero bai kai gwiwa ba aka yi wa Malama Turai sallar jana'iza a ƙofar gidan mahaifinta. Mutane sun taru sosai. Cikin waɗanda suka tsaya a sahu akwai malaman asibiti, da direbobi, da masu awon hatsi, da yawansu sun fara sanin baƙi ne a kan ɓallin ƙwarya.

Daga Shinaka labari yakan zo jefi-jefi, ta bakin masu zuwa kasuwa. An ce akwai wata yarinya da ke shimfiɗa tabarma a gindin wata tsamiya bayan an taso gona, ƙanana na kewaye da ita. An ce wasu haruffan a ƙasa take zana su da tsinke, don babu su a jakarta.

Da Mahbuba ta zo kwashe kayan ɗakin bayan an share makoki, ta tarar da ƙarfen a cikin tokar murhu, inda aka bar shi. A gefen tabarma kuma ga sakaina a jere, an fere su sumul, babu komai a kansu. Biyu ne kawai aka zana wa harafin Aziza, wato z, da gawayi. Ɗaya an fara bin ta da wuta, layin sama ya ƙonu, ya karyo zai gangara, ya tsaya a nan.